Ƙaramin babur mai gudu ko ƙato: wanne ya fi dacewa da kuɗinka da hanyarka?

Yawancin masu son barin Boxer ko Jincheng su koma babur na zamani idonsu kan R6, R1 ko Hayabusa yake. Kafin ka zare kuɗi, ka fara sanin rukunan da ake da su.

A ƙanana akwai Yamaha R3 mai inji cc 321 (cc ma'aunin girman inji ne), da KTM RC 390 mai silinda ɗaya wanda ake ƙerawa a Indiya, da Kawasaki Ninja 400 da ya fito a 2018. Ƙarfin injinsu, wanda ake aunawa da doki, 42 zuwa 45 ne, nauyinsu kusan kilo 170 da cikakken tanki. A manya akwai Yamaha R6 mai cc 599 da doki kusan 118, sai masu cc 1000, wato Yamaha R1 da Suzuki GSX-R1000, masu doki wajen 200. Suzuki Hayabusa kuwa cc 1340 ne, nauyinsa ya haura kilo 260.

Batun daɗin tuƙi nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Giya ta ɗaya kaɗai a R1 tana wuce kilomita 140 a awa, alhali iyakar da doka ta yarje wa ƙaramar mota a babbar hanyar Najeriya kilomita 100 ce. Ke nan giyoyi biyar ɗin da suka rage, waɗanda ka biya kuɗinsu, ba ka da titin da za ka more su. R6 ya ma fi wahala a cikin gari: injinsa ba ya nuna ƙarfi sai juyawarsa ta haura 8,000 a minti, ƙasa da haka sai ka ji shi a kasale. Ninja 400 kuwa za ka shiga giyoyinsa shida duka, ka murɗa mai, ka kwanta a kwana, kana jin kai ne ke juya babur, ba shi ke juya ka ba. Idan hannunka ya zarce, ƙarami zai yi maka uzuri. Ƙato yakan ɗaga tayar gaba ko ya zame da ta baya.

Sai zafi. Injin ƙato mai silinda huɗu iska yake so ta riƙa dukan lagireto. Ka tsaya da shi a cunkoson Kano cikin Afrilu, rana ta kai digiri 40, fanka za ta yi ta aiki tana hura maka zafi a cinya, batir na shan wahala. Ga zaman durƙuso da ke ɗora nauyin jiki kan wuyan hannu.

Kuɗin saye somin-taɓi ne. Ƙaramin babur yakan yi kilomita 25 ko kusa da haka a lita ɗaya, mai cc 1000 kuwa wajen 15, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan tazarar ba abin rainawa ba ce. Injin R6 da R1 yana matse haɗin iska da fetur sosai kafin ya ƙone, wajen 13 bisa 1, don haka fetur mai inganci yake buƙata. Gurɓatacce ko na bumburutu yakan sa shi ƙwanƙwasa, ya toshe injekta, ya kashe famfon mai. Baƙin mai lita biyu da ɗoriya ya ishi ƙarami, ƙato na shan kusan huɗu. Fulogi ɗaya ko biyu ga ƙarami, huɗu ga ƙato. Duk wanda ka zaɓa, ka zuba baƙin mai na babur mai alamar JASO MA2, domin kuloci a cikin man yake wanka, na mota yana iya sa shi sulɓi.

Taya ce ta fi cin kuɗi. Ninja 400 na ɗaukar 110/70-17 a gaba da 150/60-17 a baya. R6 na son 180/55-17, R1 kuma 190/55-17. Tayar manyan roba mai laushi ce, ta baya takan ƙare cikin kilomita 5,000 zuwa 6,000, ƙarami kuwa yakan ninka haka. Ba a kowace kasuwa ake samunsu ba, sau da yawa sai an aiko daga Legas ko Abuja. Haka robar jiki: faɗuwa ɗaya a tsaye tana fasa ta.

Babban babur yana da ranarsa. Wanda ke yawan bin doguwar hanya, musamman da goyo ko kaya, zai ji ƙarami na ƙugi da makyarkyata idan zai wuce tirela. Amma maganin ba R6 ba ne. Masu silinda biyu na tsakiya sun fi: Yamaha MT-07 mai cc 689, Suzuki SV650 ko Ninja 650. Doki 68 zuwa 75 suke da shi, ƙarfin yana zuwa tun daga ƙasa, zaman kuma a miƙe yake.

Tarko ɗaya da ake yawan faɗawa shi ne tsohon cc 600 na hannu da aka sa wa farashin ƙarami mai ƙarancin shekaru. Arha ba ta ado. Irin waɗannan an sha gudu da su, kuma gyaran injinsu sai bakaniken da ya saba da silinda huɗu. Ka nemi bakaniken tukuna, ka tambaye shi waɗanne kayan gyara yake samu, sannan ka je wajen dillali.

Ranar dubawa ka ce kada a tayar da shi kafin ka zo. Taɓa injin ka ji a sanyaye yake. Shuɗin hayaƙi alamar yana cin baƙin mai ne. Bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi da kanta. Auna batir yana kunne: volt 13.5 zuwa 14.5 ake so, ƙasa da haka akwai matsalar caji. Shafa ƙarfen shokozoba na gaba, in da danshin mai robar bakinsa ta mutu. Juya wili ka ga ko rami ya lanƙwasa shi. Ja sarƙa daga bayan haƙoran da ke jikin wilin baya, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori sai an sauya su tare. Lambobi huɗu a gefen taya suna nuna mako da shekara: 3219 na nufin mako na 32 na 2019, kuma tayar da ta wuce shekara biyar tana iya bushewa ko da zanenta na nan. Lambar shasi da ta inji su yi daidai da takardun kwastan. Daga kuɗin da ka tanada kuma ka ware na hular kwano mai rufe fuska duka, safar hannu, jaket mai kariya da takalmin da ya rufe idon sawu, tun kafin ka fara ciniki.