Aikin ƙashin ƙafata a Yamai, abin da na gani da idona

Salamu alaikum jama'a. Tun da na aje sanduna na fara taka ƙafar nan mutane ke tare ni, a kasuwa, a masallaci, a fada, wai ina aka yi maka aikin, nawa ka kashe, da gaske akwai ƙarfe cikin ƙafar? To na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan kilinik ɗin ba zan faɗa ba, don akwai abin da zan yaba ƙwarai akwai kuma wanda ya ɓata mini rai har yau.

Ni ɗan Tawa ne, gyaran salula nike yi, balo kuwa, wato ƙwallon ƙafa, tun ina lakkwal nike bugawa. Cikin watan Agusta 2024, lokacin gasar unguwanni ta babban hutu, na kai ƙafa in tare balo wani yaro ya shigo da ƙarfi, ba da gangan ba wallahi, tun a teran na yafe mishi, takalminshi ya samu ƙwaurina na dama. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen karan dawa, ƙas! Da na duba sai na ga ƙafar ta kalli wani gefe daban. Allah ya taimake ni ƙashin bai huda fata ba.

A gida Kawu ne ya yanke magana, ya ce babu mai kai yaron nan lopital, can yanke ƙafa suke. Cikin dare aka sa ni a mota sai wani ƙauye wurin wani tsoho mai ɗori. Mutum biyu sunka danne ni, ya ja ƙafar, ya shafa man shanu ya yi tofi, ya jera kara ya ɗaure da tsumma tamau. Ba zan zagi tsohon nan ba, ba macuci ba ne, abin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba kuma akwai waɗanda sunka warke a hannunshi na san su. Amma hannu kawai gare shi, ba ya ganin cikin ƙafa. Dare na ukku yatsuna sunka kumbura sunka yi sanyi, ana taɓawa ban ji, Inna ta tashi tsaye ta ce wallahi ko a sassauta ɗaurin nan ko ta sa wuƙa ta yanke shi da kanta. Aka sassauta. Daga baya likita ya ce mini wannan rigimar ta Inna ita ta bar mini ƙafa, don ɗauri in ya matse ya hana jini wucewa nama mutuwa shike, ƙafa ta yi baƙi, sai a kawo mutum lopital lokacin da ba sauran dabara sai yankewa, daga nan kuma a koma gari a ce ai likita ne ya yanke.

Sati 7 na yi kwance. Da aka kwance ɗorin ƙafar a karkace take, in na ɗaga ta ina jin wurin karayar shina motsi. Nan ne na ce a'a, na sa ƙanena ya kai ni aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, nan Tawa. Ƙasusuwan duka biyu ne sunka karye, babban da ƙaramin, kuma bakin babban ya hau kan ɗan'uwanshi, ƙafar ta rage tsawo kusan santi 2.

Munka yi shawara. Wasu sunka ce Galmi, tunda kusa take kuma an san su da aiki tun da daɗewa. Wasu sunka ce Yamai, ko Lopital Nasiyonal ko Lamorde ko Referans wadda aka buɗe 2016, wani ma ya ce CURE, amma su yara suke dubawa. A lokacin ma gwamnati ta rage kuɗin magani da rabi a asibitocinta tun farkon Satumba 2024, to amma wana da ke Abija ya kira ya ce shi ya san wani da likitan ƙashi ya yi ma aiki a kilinik ta kuɗi, ya turo kuɗi ta Nita ya ce gobe-gobe ku kama hanya. Abin da ya kai ni can ke nan, ba don na raina na gwamnati ba.

Kujera biyu na saya a kar, babbar motar fasinja, don in miƙe ƙafa. Tawa, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai, wajen kilo 550, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi har cikin kaina.

To bari in zo kan likitan, don shi ne abu na farko da zan yaba. An ba ni randebu ƙarfe 9 ban gan shi ba sai bayan azahar, shina bulok, wato ɗakin aiki, inji su, wannan zaman ya ba ni haushi ba kaɗan ba. Amma da na shiga sai haushin ya tafi. Bai yi mini faɗa ba kan zuwa wurin mai ɗori, ko kallon banza bai yi ma Kawu ba, ya gaishe shi da Hausa ya ce Baba ku matso ku gani da kanku. Ya ɗaga radiyon wajen haske, ya ɗauki biro ya zana a takarda: ga babban ƙashi, cikinshi akwai rami inda ɓargo yake, za mu buɗe wurin karayar mu kankare bakin ƙashin da ya fara bushewa mu daidaita shi, sannan mu zura dogon ƙarfe cikin ramin tun daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa har kusa da idon sawu, mu ɗaure shi da bis, wato ƙananan ƙusoshi masu murɗawa, sama da ƙasa kar ya juya. Su kulu suke ce ma ƙarfen, wato ƙusa. Ya ce ƙarfe ba ya haɗa ƙashi, riƙewa kawai shike, jikinka ne zai haɗa, kuma ƙashin ƙwauri shina da nawa wajen warkewa don gabanshi fata ce kawai ba nama, jini kaɗan ke isa wurin. Sai ya tambaye ni ina shan taba? Na dubi Kawu na yi shiru. Ya ce ma Kawu Baba ɗan ba mu wuri, da ya fita ya ce mini ɗan'uwa taba tana hana ƙashi haɗewa, in za ka ci gaba da sha kar ka ɓata kuɗin da wanka ya turo. Tun ran nan ban sake sa ta a baki ba.

Kawu da ya dawo tambaya ɗaya ya yi, Likita ba za ku yanke ba ko? Ya ce Baba in sha Allahu da ƙafarshi zai koma Tawa.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci, maganar kuɗi. An ba mu debi, wato takardar ƙiyasin kuɗi, na jikka 650 na sefa, wai aiki da ƙarfe da ɗaki kwana 5. Munka biya muna ganin shi ke nan. Ashe analiz na jini daban, ganin likitan allurar barci daban, sannan ordonans, takardar sayen magani, ta dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya, safe wata yamma wata, yau safar hannu da bandeji gobe ledar ƙarin ruwa, ƙanena da bai san Yamai ba kuma ba ya jin Zabarmanci shi ke yawo cikin dare shina neman farmasin da ke gadi. Da munka tattara takardu duka sama da jikka 200 ne sunka hau kan debin. Ba na cewa an sace mini ko dala, kowane abu da rasit ɗinshi, amma don Allah me zai hana a faɗa ma mutum tun farko ya san abin da zai tanada? Wanda ya taso daga nesa da kuɗinshi ƙirgagge fa? Mu sai da Inna ta sa aka sai da tunkiya biyu. Kuma yarinyar da ke wurin biyan kuɗi in ka yi tambaya da Hausa sai ta amsa da Faransanci tana kallon waya, ni na yi lakkwal na gane, Kawu fa?

Ranar aikin allurar baya sunka yi mini, rashi suke ce mata, daga cibiya zuwa ƙasa kamar ba jikina ba amma idona biyu. An sa kyalle gabana ban ga komai ba sai dai ina jin ƙarar guduma da injin huda, jikina shina girgiza kaɗan in an buga, ba zafi ko kaɗan. Wani anfirme, wato ma'aikacin jinya, ya tsaya wajen kaina shina ce mini malam yi ta salati an kusa, Allah ya saka mishi da alheri ban ma san sunanshi ba. Wajen awa biyu aka yi. Zafin ya zo ne da dare da allurar ta sake ni, na danna ƙararrawa na gaji sai da ƙanena ya je ya taso anfirmen da ke aikin dare, wannan ma ban ji daɗinshi ba. Amma tsabta kam ba magana, ɗaki fes, pansama, wato wankin ciwo, kan lokaci, ciwon bai yi ruwa ba ko sau ɗaya, an cire zare bayan sati biyu. Akwai wata ƙaramar allura da ake yi a fatar ciki kullum don kar jini ya daskare cikin jijiya tunda mutum ba ya tafiya, ita ma da tsadarta, ku sa ta cikin lissafi. Maganin zafi kuwa har da tramol aka rubuta mini na ƴan kwanaki ƙalilan, likita ya ce da sun ƙare sun ƙare kar in je in nemi na bakin titi, kun dai san abin da ƙwayar nan ta yi ma samarinmu.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne kine, wato atisayen motsa ƙafa da ake yi ma mutum bayan aiki. Ni a tunanina in an yi aiki an gama. Ashe sati 7 ɗin da na yi cikin ɗori sun sandarar da idon sawuna, ba ya lanƙwasowa sama, cinyar kuma ta zube, da mai kine ya sa mitir ya auna ta dama ta gaza ta hagu da santi 4. Na zauna gidan ɗan gwaggona a Talaje ina zuwa sau ukku a sati, jikka 5 kowane zuwa, sau 20. Mutumin nan shi ne ya maida ni mutum. Zai sa tawul ƙarƙashin gwiwata ya ce danna, riƙe, ƙirga goma, saki, tun ina ganin wasa ne har zufa ta dinga karyo mini. Zai kama tafin ƙafar ya tura sama a hankali har in ce wayyo, ya ce to nan za mu tsaya yau, jibi mu wuce nan. Ya kawo sikeli ya ce taka da ƙafar har allura ta kai kilo 15 kar ka wuce, don in san nauyin da aka yarda in ɗora. Shi ya koya mini hawan bene da sanduna, mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Na ga mutane da yawa da sunka yi zuwa biyar sunka ce kuɗi ne kawai ake ci sunka bari, ɗaya na gamu da shi wajen radiyon wata ukku shina ɗingishi har lokacin kuma ƙashinshi ya riga nawa haɗewa. In kuɗinka ba su isa duka ba gara ka kwana ɗakin mutum huɗu ka aje na kine.

Sai maganar da ba wanda ya gaya mini sai da na gani, salla da bayi. Tunda ta ƙarƙashin gwiwa aka shigar da ƙarfen, durƙuso shi ne abu mafi wuya, wata biyar a kan kujera nike salla, ranar da na fara kai goshina ƙasa cikin sahu sai da na yi hawaye. Har yanzu in tabarma ta yi tauri ina jin wurin, likita ya ce da yawan masu irin aikin haka suke ji. Bayi na tsugunno kuwa ba ya yiwuwa da farko, kafinta munka sa ya huda kujerar katako. Ku tanadi wannan tun kafin ku dawo gida.

Radiyo an yi a kwana 45, wata 3, wata 6. A na farko ban ga komai ba hankalina ya tashi, a na biyu ya nuna mini wani fari-fari kamar hayaƙi kewaye da karayar ya ce ga sabon ƙashi nan. Inna dai ta ce romon ƙashi da nonon da take ɗura mini ne, likita ya yi dariya ya ce a ci gaba da ba shi. Wata huɗu na aje sanda ɗaya, wata biyar na aje ta biyu. Tsawon ƙafa ya dawo, abin da ya rage bai kai a gani ba. Masu cewa ƙarfe shina jawo tsawa, damina guda ta wuce a kaina lafiya lau, sanyin hunturu ne dai nike ɗan ji wajen bis ɗin ƙasa.

In an ce in ba da maki, likita da mai kine 9 cikin 10, tsabta 8, tarba da bayanin kuɗi 4. Zan iya tura ɗan'uwana can? E zan tura shi, amma zan ce ya riƙe kusan kashi ɗaya cikin ukku sama da debi, ya tafi da mai jinya wanda ya san gari, kuma ya yi radiyo tun ranar da ya karye, ko da a ƙarshe wurin mai ɗorin za a rinjaye shi ya je.

Yanzu wata 14 da aikin. Ina gudu a hankali da asuba, ina juya balo da yara amma ban shiga mash ba tukuna, mai kine ya ce sai na iya tsalle da ƙafar ita kaɗai kamar yadda nike yi da ta hagu, har yanzu ina tura mishi bidiyo ta WhatsApp shina gyara mini ba ya karɓar ko dala. Maganar cire ƙarfen likita ya ce ba dole ba ne in bai dame ni ba, sai ya kai wajen wata 18 zuwa shekara biyu za mu zauna mu duba. Kawu ya riga ya ce shi zai raka ni.