Fina-finan tabon yarinta: wanne za ka fara saye?

Fim ɗin da ke ba da labarin abin da ya sami mutum yana yaro, ya binne shi a zuci har ya manta, ba ya cin kuɗi da yawa. Gida ɗaya, 'yan wasa kaɗan, da fuskar da ta iya yin shiru, sun wadatar. Shi ya sa masu ƙaramin jari ke yawan komawa kansa. Sai dai ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Kafin ka biya, ko saye za ka yi ko haya ta intanet, dubi yadda fim ɗin ya ɗauki sha'anin tunawa, ka kuma auna abin da zuciyarka za ta iya ɗauka.

In ɗaya tak za ka saya, ni dai The Tale zan nuna maka. Jennifer Fox ce ta rubuta ta kuma ba da umarni, ya fito a 2018, kuma labarin rayuwarta ne. Laura Dern ta fito a matsayin matar da ta haura arba'in, wadda ke ɗaukar abin da ya shiga tsakaninta da kocinta na gudu a matsayin tsohuwar soyayya, har ranar da mahaifiyarta ta tono wani rubutu da ta yi tana 'yar shekara 13. Akwai wurin da ya tsaya mini a rai. Da farko fim ɗin yana nuna ta a matsayin budurwa mai tasowa, don haka take ganin kanta. Sai ta buɗe kundin hotuna, ta ga ainihin hotonta na wannan shekarar: 'yar mitsitsiyar yarinya. Nan take aka maimaita abin da muka riga muka kalla da wata ƙaramar yarinya dabam. Ba ta manta komai ba, ƙara wa kanta shekaru ta yi don abin ya haɗiyu.

Wannan ya fi kusa da gaskiya fiye da fina-finan da ke nuna tunawa kamar faifan da aka kulle a akwati, a buɗe a same shi garau. Masana sun daɗe suna jayayya a kai. A 1995 masaniyar halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da abokiyar aikinta sun gwada mutum 24, suka sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka yarda cewa sun taɓa ɓata a rukunin kantuna suna yara, alhali hakan bai taɓa faruwa ba. Duk fim ɗin da likita zai kaɗa hannu komai ya dawo daki-daki, ajiye kuɗinka.

Festen na Thomas Vinterberg, daga Denmak a 1998, wani abu ne dabam. A nan ɗan bai manta ba, dangi ne suka ƙi ji. Ana bikin cikar uba shekara 60, babban ɗansa ya miƙe, ya ce wa uban ya zaɓi jawabi, kore ko rawaya, sannan ya faɗi abin da uban ya yi masa shi da tagwainiyarsa. Baƙi suka yi tsit, can kuma aka ci gaba da shagali. Da ƙaramar kyamarar hannu aka ɗauke shi, bisa ƙa'idar Dogme 95 da ta hana ƙarin fitila da kiɗan da ake ɗorawa daga baya, ya kuma ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Kan, a Faransa. Hoton dishi-dishi ne da gangan, saboda haka kada ka wahalar da aljihunka wajen neman kwafi mai tsananin haske. Tabbatar dai akwai fassara a ƙasan allo cikin harshen da kake ji.

Mysterious Skin na Gregg Araki, 2004, shi ne mafi nauyi. Yara biyu 'yan shekara takwas a jihar Kansas ta Amurka, koci ɗaya ya ci zarafinsu. Ɗaya ya tuna komai, ɗayan ya rasa awa biyar na rayuwarsa, yana yawan haɓo, ya girma da imanin cewa halittun wata duniya ne suka sace shi. Aikin ya yi kyau matuƙa, amma akwai tsiraici da fyaɗe ƙarara. Haya ta fi saye, don da wuya ka so maimaitawa, kuma ba na kallo da iyali ba ne.

Wanda shi ma yake ɗauke da irin wannan tabo, ko kuwa ba ya son ganin cin zarafi, ya fara da Aftersun na Charlotte Wells, 2022. Mace ce ke sake kallon bidiyon hutun da ta yi da mahaifinta a Turkiyya tana 'yar shekara 11, tana laluben baƙin cikin da ke cin sa wanda ba ta gane ba a lokacin. Tafiyarsa a hankali take, har wasu kan ce babu abin da ya faru a ciki. Shi kam saye ya fi, domin sai a kallo na biyu za ka lura da uban.