Gidan kallon kach na Yelwa a Garwa: abin da na gani cikin shekara uku

Tun farkon shekarar 2023 nake zuwa wani gidan kallo da ke unguwar Yelwa a nan Garwa, inda ake nuna kokawar Turawa, wadda mu a Kamaru muka fi sani da kach, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke kira reslin. Gidan ƙwallo ne tun asali, kuma har yanzu ƙwallon Turai ce ke ciyar da mai shi, amma ya ware daren Talata da daren Asabar, bayan sallar isha'i, domin shirye-shiryen kamfanin WWE guda biyu, Raw da SmackDown. A Amurka ana yin na farko daren Litinin, na biyu daren Juma'a, wanda a agogonmu yake kamawa ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, shi ya sa mai gidan yake ɗaukar su ya ajiye, ya haska mana washegari a lokacin da magidanci zai iya kallo ya koma gida da wuri.

Wurin ba shi da wani ado. Rumfar kwano ce mai ɗaukar mutum sittin idan an matsa, da benci na katako, da majigi mai haska farin bango, da fanka biyu, da janareta da ake tayarwa idan wuta ta ɗauke. Kuɗin shiga sefa 200 ne a daren da aka saba, 500 a daren babbar gasa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, kwanon yana riƙe da zafin rana har tsakar dare, kuma fanka biyu ba sa isar benci uku na baya. Wannan aibi ne na gaske, an kuma sha faɗa wa mai gidan.

Abin da ya sa nake komawa duk da haka shi ne mai gidan ya fahimci cewa kach labari ne da ake bayarwa kashi-kashi, kuma wanda ya tsallake kashi ɗaya ya yi asarar ma'anar na gaba. Yana nuna shirin bi da bi, mako bayan mako, ba ya yanke maganganun da 'yan wasa suke yi a cikin fage don ya gaggauta zuwa wurin doke-doke. Ya kuma ɗauki wani saurayi mai jin Turanci da Faransanci, wanda yake zama gefen majigi da makirufo yana mayar mana da maganganun cikin Hausa, wani lokaci ya ƙara da Fillanci saboda waɗanda suka fi jin ta. Kafin a fara kowane dare yakan ɗauki minti biyar ya tuna mana inda aka tsaya: wane ne ya ci amanar wane, wa yake bin wa bashin duka, wane kambu ake nema. Yawancin matasanmu suna ganin kach ne a guntayen bidiyo na minti ɗaya a Facebook da TikTok, inda za a ga ƙato ya ɗaga ƙato ya maka a kan tebur, ba a san dalili ba. Wanda ya saba da wannan, idan ya ce kach shirme ne, ban ga laifinsa ba, domin abin da aka nuna masa ke nan.

Labarin dangin Roman Reigns shi ne ya fi nuna amfanin wannan tsari. Roman ya karɓi kambu a ranar 30 ga Agusta 2020, ya naɗa kansa sarkin danginsa, 'yan asalin tsibirin Samowa, ya tilasta wa 'yan uwansa na jini, tagwaye Jey da Jimmy Uso, daga baya da ƙaninsu Solo Sikoa, su yi masa mubaya'a. Paul Heyman yana tsaye a bayansa riƙe da kambu kamar bafade mai raɗa a kunnen sarki. Mutumin da ya tashi a ƙasar lamiɓe da sarakuna ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan fada, da wanda ake ji da shi yau, da wanda aka juya wa baya gobe. Sai ga Sami Zayn, bare wanda ba shi da jini ɗaya da su, ya yi wata da watanni yana neman a karɓe shi, Jey yana ƙinsa a fili, har ranar da Jey ɗin ya rungume shi a ƙarshen 2022. Na fara zuwa gidan ne daidai lokacin da wannan labari ya nuna, kuma mai fassara ya zauna da ni bayan an tashi ya warware mini abin da ya wuce, bai karɓi ko sisi ba.

A gasar Royal Rumble ta Janairun 2023 aka ɗaure Kevin Owens, tsohon aminin Sami, da ankwa a jikin igiyar fage, Roman ya miƙa wa Sami kujerar ƙarfe ya ce ya dake shi. Sami ya tsaya, ya dubi amininsa, ya dubi sarkin da ya sha wahala kafin ya samu shiga fadarsa, sannan ya sauke kujerar a gadon bayan Roman. A rumfarmu mutane sun miƙe tsaye gaba ɗaya, wani dattijo mai sayar da goro da ke zama kusa da ni ya riƙe hannuna yana cewa, “Malam, yaron nan ya fanshi kansa.” Duka ɗaya ne tak, kuma a daren an yi waɗanda suka fi shi ƙarfi sau goma, amma wannan ne aka kwashe kusan wata tara ana gina shi. Da a waya na gan shi, da ban ga komai ba sai mutum ya daki mutum da kujera.

Muhawara mafi zafi da na taɓa gani a gidan ta biyo bayan WrestleMania ta 39, babbar gasar shekara ta kamfanin, a Afrilun 2023, inda Cody Rhodes ya kara da Roman ya sha kaye bayan Solo ya sa hannu. Mahaifin Cody, Dusty Rhodes, wanda ya rasu a 2015, bai taɓa riƙe babban kambun wannan kamfani ba, kuma an gina labarin ɗan ne a kan cika burin uban. Rabin rumfa sun ce masu tsara labarin sun ci amanar 'yan kallo, sun kai mutane bakin rijiya sun hana su ruwa. Sauran sun ce Cody bai sha wahalar da ta isa ba, domin ya dawo daga jinya, ya ci Royal Rumble, ya nufi kambu kai tsaye, kuma jarumin da bai faɗi ba nasararsa ba ta da nauyi. A lokacin ina cikin ɓangaren farko, har na yi mako biyu ban je ba. Yanzu ina ganin ɓangare na biyu sun fi ni gaskiya, ko da yake har gobe ina riƙe da cewa an yawaita ƙare wasannin Roman ta hanya ɗaya: alƙalin wasa ya faɗi, ɗan uwa ya shigo ta baya, a ƙirga uku. Maimaita wannan dabara ya gajiyar da mutane, kuma akwai watanni a ƙarshen 2023 da benci suka yi ta zama babu kowa. Mai gidan yana barin fitila a kunne rabin sa'a bayan an gama domin irin wannan gardama, ba ya korar kowa, kuma a ganina wannan rabin sa'ar tana cikin abin da mutum yake biya.

WrestleMania ta 40 ta faɗo ranakun 6 da 7 ga Afrilun 2024, cikin goman ƙarshe na azumi, kuma mai gidan yana rufewa a waɗannan kwanaki. Sai washegarin Sallah ya haska ta. Kafin nan kusan kowa ya riga ya ji a waya cewa Cody ya ci, mulkin Roman na kwana 1,316 ya ƙare a Filadelfiya, amma rumfar ta cika har wasu suka tsaya a bakin ƙofa, domin abin da suka zo gani shi ne yadda aka yi. A ƙarshen wasan, bayan John Cena da The Rock da Undertaker sun shigo sun fita, Roman ya tsaya da kujera a hannu, Cody a gefe ɗaya, Seth Rollins a ɗaya gefen sanye da kayan tsohuwar ƙungiyar da shi da Roman suka taɓa zama a ciki. Mai fassara ya tsayar da hoton a nan, ya tuna mana cewa a watan Yunin 2014 Seth ya daki Roman da kujera ta baya ya wargaza ƙungiyar. Roman ya bar abokin karawarsa ya huce haushin shekara goma a kan Seth, wannan jinkirin kuma shi ya ba Cody damar da ya kayar da shi. Sarkin da ya gagari kowa, tsohon ciwon da ke cikin zuciyarsa ne ya kayar da shi, kuma an faɗi wannan duka ba tare da kalma ɗaya ba. Ban taɓa jin kuɗin da na biya a wurin kallo ya halatta kamar sefa 500 na wannan dare ba.

Shekarar 2025 ba ta yi mana daɗi haka ba, kuma laifin ba na gidan ba ne. A ranar 1 ga Maris, a Toronto, John Cena ya juya ya zama mugu bayan fiye da shekara ashirin yana jarumi, ya haɗa kai da The Rock ya yi wa Cody dukan kawo wuƙa. Mun ɗauka an buɗe babban labari. Amma The Rock, wanda shi ne ya kunna wutar, bai bayyana a WrestleMania ta 41 a Las Vegas ba, sai mawaƙi Travis Scott ne ya shigo ya taimaki Cena ya ci kambunsa na 17, ya wuce tarihin da tsohon ɗan wasa Ric Flair ya kafa na yawan cin kambu. Kwana biyu kafin wasansa a gasar SummerSlam, a watan Agusta, Cena ya fito ya koma jarumi ba tare da wani dalili mai gamsarwa ba. Mai fassara ya yi ta ƙoƙarin ɗinke labarin da bakinsa, yana ƙirƙiro dalilan da masu shirin ba su bayar ba, kuma a nan na fara ganin iyakar aikinsa.

Wannan shi ne babban aibin gidan. Saurayin yana da baiwa, amma yana da 'yan wasan da yake so, kuma son yana shiga fassararsa. Idan wanda ba ya so yana magana, sai ya taƙaita jimla biyar zuwa ɗaya, ko ya ƙara masa rashin kunyar da bai yi ba. Na gane haka ne saboda ina ɗan jin Turanci. Sau biyu kuma ya yi suɓutar baki ya faɗi wanda zai ci tun wasa bai kai rabi ba, saboda ya riga ya kalla da rana. Aibi na biyu na mai gidan ne: idan dare ya yi nisa ko man janareta ya yi ƙasa, yakan tura tsakiyar wasa gaba ya kai mu minti biyar na ƙarshe. A tsakiyar nan ne ake ba da labarin cikin fage, inda ɗan wasa yake bin ƙafar da ya raunata tun farko, inda wanda ake duka yake neman igiya bai kai ba, inda dabarar da ta ci wasan baya take kasa ci a wannan karo. Idan an yanke wannan, ƙirgen ukun ƙarshe ba ya da ɗanɗano. Haka kuma duk daren Asabar da aka samu babban wasan ƙwallo, kach ne ake ɗagewa zuwa Lahadi, sau da yawa ba tare da sanarwa ba, mutum ya biya kuɗin babur ya zo ya tarar da wani abu dabam.

Akwai abu ɗaya da nake yaba masa ba tare da togaciya ba. Ba ya barin yara ƙanana su shiga sai da babba, kuma ba ya ɓoye wa kowa cewa an riga an tsara wanda zai ci. Yakan ce wa matasa wannan ba irin kokawarmu ta gargajiya ba ce ko dambe, inda ƙarfi da sa'a suke raba gardama, wasan kwaikwayo ne da ƙwararru suke yi da jikinsu bayan horo na shekaru. Don su gane cewa ciwon na gaske ne, yakan nuna musu wasan Cody da Seth na watan Yunin 2022, wanda Cody ya yi da tsokar ƙirjinsa a yage, rabin ƙirjin da damtsen sun yi baƙi ƙirin da taruwar jini. Na ga yaran da suka daina gwada ɗaga juna a kan yashin bakin Binuwai bayan sun ga wannan hoton.

Wanda yake so ya gwada, ya je daren Talata, domin ba a cika ɗage shi ba, ya isa da wuri ya samu benci na gaba kusa da fanka, ya kuma ba wa abin mako huɗu a jere kafin ya yanke hukunci, tun da dare ɗaya ba ya isa a san wane ne wane. Mai gidan ya yi alkawarin ƙara fanka biyu kafin zafin bana ya shigo, ya kuma ce zai riƙa rubuta sauyin rana a allon bakin ƙofa tun ranar Alhamis. Ranar Talatar da ta wuce na ga allon an rataye shi, fankokin dai ba su iso ba tukuna.