Kids' Athletics: gasa ce, amma ba a bar kowa a benci ba

Duk wanda ya saba da gasar gidaje ta firamare ya san yadda take: yara takwas a kan layi, sauran makaranta na zaune a rana suna tafi. Tsarin Kids' Athletics na World Athletics, hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, wanda aka shirya wa 'yan shekara 4 zuwa 14, ya bi wata hanya, kuma jagorarsa kyauta ce a intanet.

Ana kasa yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zagaya tashoshin gudu da tsalle da jifa. Ba a rubuta wa yaro maki shi kaɗai, na rukuni ake haɗawa. In rukuni tara ne, wanda ya fi a tasha ya samu 9, na ƙarshe ya samu 1. A gudun juriya, minti 8 ake yi ana kewaya fili mai mita 150, kowane zagaye maki ne. Nan amfaninsa yake. Yaron da ba zai taɓa cin tseren mita 100 ba ya san zagaye biyar ɗinsa sun shiga lissafi, 'yan rukuninsu kuma ihun sunansa suke yi, ba dariya ba.

Kayan ba dole sai na kanti ba. Robar ruwa cike da yashi ta isa alama, kwalin taliya ya isa shingen tsallake, kuma ya fi katako, don ko yaro ya yi tuntuɓe da shi ba ya jin ciwo. Mashin soso na tashar jifa ne dai iskar hunturu ke kwashewa, sai a jefa shi ta inda iskar take kaɗawa.

Inda abin ke lalacewa shi ne ƙarancin hannu. Kowace tasha na son babba guda da takardar maki. Malami biyu ba za su riƙe tasha shida ba. In rukuni ya wuce yara goma, layi ya yi tsawo, na baya su fara kokawa. Wurin alkafura kuwa a shimfiɗa katifa, tabarma ba ta tare tsakuwa.

Akwai kuma ƙorafin da ke da gaskiya: yaro mai gudun gaske yakan ɓace cikin makin rukuni. Daga aji biyar zuwa sama, gara a ƙara tseren ɗaiɗaiku guda a ƙarshen yini, a riƙe agogo a rubuta lokacinsa. 'Yan aji ɗaya zuwa uku ba su buƙatar wannan. A fara da ƙarfe takwas, a tashi kafin goma da rabi, da randar ruwa a gindin bishiya.