Rigar takalmi ko safa mai hana ruwa: wacce ta fi wa mai keke a lokacin sanyi da ruwan sama?

Rigar takalmi ta Neoprene (wata irin roba mai laushi), mai kaurin kamar milimita 3, a kan takalmin ake saka ta. Tana tare iska da ruwan da taya ke fesowa, takalmi da safa su zauna a bushe. Aibinta shi ne ƙasanta a buɗe yake, kuma taka ƙasa da ita yana saurin yaga ta.

Ita kuwa safa mai hana ruwa, ƙafa kaɗai take karewa, takalmin ya jiƙe sharkaf. Ga ta da kauri: in takalmin ya matse, jini ba ya gudana sosai, sai yatsu su sandare.

A doguwar tafiya rigar ta fi. Kowacce ka zaɓa, rufe bakinta da ƙafar wando, don ta ƙwauri ruwa yake gangarowa ciki.