Sangen tafiya da na saya a kasuwar Dole, ga yadda ya yi min a Legas

Jama'a masu zuwa kudu sayo kaya, bari in ba ku labarin sangen nan mai buɗe kansa kamar lema, wanda na saya jika 8 a kasuwar Dole ta Damagaram kafin in kama hanyar Matamaye zuwa Kano, daga can Legas. Kwana 12 na yi a Agege ina kwana cikinsa.

Mu nan Damagaram sauro sai damina ya fi damun mu, watan 8 zuwa na 10, amma can ruwa kwance a kwata kusan duk shekara, sauron ba ya hutu. Ɗakin da muka sauka mu biyar ne a ƙasa kan tabarma, babu ko ƙusa ɗaya a bango, to ina za ka ɗaura sangen gida mai igiya huɗu? Wannan kuwa ka zare shi daga jakarsa ka sake shi ya miƙe da kansa, ƙasansa ma a ɗinke yake, ko kyankyaso bai samu ƙofa ba. Wallahi ina kwance ina jin kukansu dab da kunnena, da asuba in haska tocila in gan su jere a jikin ragar ta waje.

Inda ya gaza, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya akwai zafi sosai, kuma ba a jiƙa shi da magani ba irin wanda likita ke rabawa mata masu ciki, in hannunka ya jingina da raga cikin barci za su cije ka ta nan. Naɗe shi ma sai da wani yaro ya koya min, zif ɗin kuma a ja shi a hankali.

Kar wani ya ɗauka ya gama da sange. Sauron shawara da rana yake cizo, shi ya sa na yi allurar rigakafin shawara tun kwana 10 kafin tafiya na riƙe katina mai ruwan ɗorawa, sau ɗaya ake yin ta har abada. Masassarar sauro kuma tana iya ɓoyewa mako ɗaya ko biyu, abokin tafiyata da ya ce zafi ya hana shi shiga sange sai da muka dawo gida ta kayar da shi, aka gwada jini aka ba shi maganin kwana 3. Ni dai alhamdulillahi ko ciwon kai, na riga na sayo wa ƙanena nasa don shi ma Lome zai nufa bayan salla.