Deco X50 a gidan hayar ɗalibai: basirarta tana aiki, amma ba ta huda bango

Duk wanda ya san gidajen hayar ɗalibai na Samaru da Palladan a Zariya ya san wannan matsala: rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, ɗaya ce a ɗakin farko, 'yan ɗakin ƙurya kuwa sai sun fito tsakar gida suna ɗaga waya sama kafin saƙo ya tafi. Irin wannan gida ne Deco X50 ta TP-Link ta dace da shi. Na'urar yaɗa intanet a gida ce mai fasahar Wi-Fi 6, ana samunta uku a kwali ɗaya, kowace da ramin kebul uku, kuma duk sunan Wi-Fi ɗaya suke amsawa. Ba ta da wurin sa layi, don haka sai an jona ta da rautar da ke kawo intanet.

Abin da ake tallata ta da shi shi ne ƙirƙirarriyar basira, kuma tana aiki. Tana lura da ƙarfin sigina da cunkoson kowace na'ura. Ka tashi daga zaure zuwa ƙurya, sai ta nuna wa wayarka wadda ta fi dacewa, ta ƙa'idojin 802.11k da 802.11v. Shawara ce fa, ba umarni ba. Tsohuwar wayar da ba ta san ƙa'idojin ba takan maƙale wa na'ura ta nesa. Nan ne masu binciken sadarwa ke dagewa: yaushe ya kamata a miƙa waya ba tare da kira ya yanke ba.

Inda ake yawan kuskure wajen ajiyewa ne. A zangunan da siginar Wi-Fi ɗinta ke bi, na 5 GHz, wanda yake da gudu, shi ne ya fi raunana a bango, balle katangar ƙasa mai kauri irin ta cikin birni. Kada a kai na'ura ta biyu ɗakin da sabis ya mutu, don ba ta da abin da za ta ɗauko. A sa ta a tsakiya, inda ma'aunin ƙarfin sigina yake kusan -65 dBm, a sama, nesa da firji da ƙofar ƙarfe. Wanda ya fi duka, a haɗa su da kebul Cat6, muddin bai wuce mita 100 ba. In ba haka ba, hirar da suke yi tsakaninsu tana cin rabon masu amfani.

Sai wuta. Bolt 12 kowace take sha, ƙaramin batir ya ishe ta, amma a fara ba uwar, wadda ke jone da intanet. Ita ta mutu, sauran biyun sun zama ado.